Motar Baba Ba Ta Wuce Gaisuwa

Mun bar Bwari da asuba, masallatai ba su gama kiran salla ba, ni da uwargida a cikin tsohuwar jif ɗin Baba. An kwana ana ruwa, gilashi ya yi raɓa, ga waifa ɗaya ce kawai ke aiki, ita ma ta ɓangaren fasinja. Uwargida ta yi mana addu'ar hanya a tsanake, ni kuwa amin ɗina a gaggauce ta fito, don idona na kan agogo. Ku da kuka saba karanta labaran tafiyata a shafin nan kun san ni da surutu da ban dariya. Wannan karon ku yi haƙuri da ni. Raina babu daɗi, kuma laifin da ke cikin labarin nawa ne.

Bari in fara gabatar muku da motar. Baba hedimasta ne, ya koyar a garuruwa da dama na kudancin Kaduna, da ya yi ritaya sai ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya saye ta a gwanjo. Fara ce a da, yanzu ko ni ban san sunan kalarta ba. Ƙofar baya igiya ke riƙe da ita. Allurar da ke nuna zafin inji ta kwanta tun da daɗewa, ba ta ƙara motsi ba. Amma in ka saka mata ƙaramar giyar nan mai jan ƙafa huɗu, babu taɓon da ya isa ya riƙe ta. Ƙauyenmu yana can bayan Madakiya, sai ka bar kwalta ka nausa ciki, ka haye rafi biyu. Da damina babu motar da ke isa ƙofar gidanmu sai ita.

Da Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce, mu 'ya'ya muka taru muka ce Mama ta tattara ta dawo wurina. Tana da ciwon suga, ga gwiwoyi sun ƙi, ba ta iya hawa mashin. Ta ce ba inda za ta. Kabarin mijinta na bayan ɗaki, awakinta na nan, cocinta na nan, me za ta je yi a garin da maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba? Aka yi ta ja har sai da fasto ya shiga tsakani, aka tsaya a kan magana ɗaya. Ni zan riƙe motar, duk ƙarshen wata in zo in kai ta asibiti a Kafanchan in mayar da ita gida. Muddin motar na isa ƙofar gida, Mama na nan a ɗakinta. Ranar da ta kasa zuwa, Mama za ta bi ni ba gardama. Da bakinta ta yarda, har tana murmushi, don a ganinta motar mijinta ba ta mutuwa.

A ƙa'ida ranar Alhamis nake tafiya in kwana a ƙauye, Juma'a da safe mu sauko asibiti. Wannan watan aikin ofis ya riƙe ni har yamma. Likitan masu suga kuwa Juma'a kaɗai yake zama, kuma daga sha ɗaya na safe an daina karɓar kati. Maganin Mama ya ƙare tun Laraba. Na zauna na auna hanyar a kaina, na ga in dai ban tsaya ko'ina ba zan isa ƙauye kafin tara da rabi, in ɗauko ta mu sauko a kan lokaci.

Daga Bwari zuwa Jere hanyar ba laifi, sai dai shingaye na itace da tsofaffin tayoyi, kowane da masu tsaronsa da gajiya a fuska. A ɗaya daga ciki wani ya haska motar da tocila daga gaba har baya, ya tambaye ni ko ita ce ta kawo kakana daga yaƙi. Na yi masa dariyar dole na wuce. Mai kuwa tun jiya na cika tanki, kun dai san yadda mutum ke fitowa daga gidan mai a zamanin nan, aljihu a sake, baki a rufe. Gari na wayewa muka karya kwana muka kama hanyar Kagarko. Daga nan ramuka suka fara, cike da jan ruwa, ba ka sanin zurfin kowane sai ka faɗa. Gonakin masara sun yi shar a gefe da gefe, mata sun fara jera doya sabuwa a bakin titi.

Yanzu sai in gaya muku abin da ke ba ni haushi da hanyar nan tun ina saurayi. Baba ba ya wuce gari bai tsaya gaisuwa ba. A Kagarko akwai mai zuma, tsohon ɗalibinsa. A Kubacha akwai mai faci da suka yi ƙungiyar mawaƙan coci tare. A Kwoi akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ta koma suyar ƙosai. Sai ya kashe mota, ya fito, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya jingina, a fara. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, ina wane da ya karye bara, ita wance ta haihu kuwa? Wani lokaci minti goma, wani lokaci rabin awa. Mu muna ciki muna cika muna batsewa. Sai ya ɗaga hannun, ya sake ɗorawa, sannan ya ce, "To, bari mu ƙarasa." Da motar ta dawo hannuna mutanen nan ba su daina ba. Tun daga nesa suke gane ta, su fito bakin titi suna ɗaga hannu suna kiran motar Malam. Kunya ke sa in tsaya, in sha gaisuwa har in ƙoshi, in tafi ina tsaki. Shekara biyu ina haka.

Ranar nan na ce ko wa zai ji haushi ya ji. Muna shiga Kagarko mai zuma ya taso daga rumfarsa da fara'a, na danna masa hon sau biyu na wuce. Ta madubi na hango shi tsaye, hannu a sama. Uwargida ta dube ni ta ce ko ba komai da na tsaya na minti biyu. Na ce mata minti biyun mutanen Baba na sani, ba ya ƙarewa. A Kubacha mai faci har ya shigo titi da ƙafa ɗaya, na kauce masa na nuna masa agogon hannuna. Ta ce tana jin yunwa, ga masara gasasshiya can, ɗari uku-uku. Na ce ta ci a Kafanchan. A Kwoi ƙamshin ƙosai ya biyo mu har cikin mota, tsohuwar nas ta miƙe da matsami a hannu, ni kuwa na ƙara taka totur. Har ina jin daɗi a raina, ina cewa ashe tafiyar nan gajeriya ce, surutu ne ke tsawaita ta.

Mun wuce Kwoi da kaɗan, muna hawan wani tudu, sai uwargida ta ce tana jin ƙauri. Ni ma na ji, irin na tukunyar da aka manta a wuta ruwanta ya ƙone. Na ce ƙila daga gona ne. Ban rufe baki ba motar ta fara ja da baya a ƙarfinta, na taka ta ƙi amsawa, inji ya shiga ƙwanƙwasa. Sai farin tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet har na daina ganin hanya. Na gangara gefe na kashe. Ƙarfe takwas da minti ashirin.

Wasu mata uku da wani dattijo suna cire ciyawa a gonar citta a gefen hanya, suka yar da aikinsu suka taho. Mutanen kirki ne, Allah ya sani. Dattijon ya leƙa ya ce motar ta sha zafi ne, a ba ta ruwa. Kafin in ce wani abu matan sun gangara rafi sun dawo da robobi cike da ruwan damina mai sanyin ƙanƙara. Uwargida ta riƙe mini hannu ta ce in bari ya huce tukuna. Na dubi agogo. Na tuna Mama tana zaune tana jira. Na sa tsumma na murɗe murfin lagireto, tururi ya ƙone mini wuyan hannu, ban ko kula ba. Na ɗura ruwa har ya tumbatsa. Da na ga inji na ta huci, sai na karɓi roba ta biyu na sheƙa masa a kai, na ƙara da ta uku. A tsakiyar ta ukun na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya kara. Ba wanda ya ji sai ni, kuma na yi kamar ban ji ba. Na shiga na tayar. Ta tashi tana rawa, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, ta yi kamar minti ɗaya ta mutu. Na sake murɗa makulli har batir ya fara kuka. Dattijon ya ce sannu, matan suka ce sannu, suka kwashi robobinsu suka koma gona.

Kusan awa uku muka yi a wurin. Babu sabis ɗin waya a ƙauyenmu balle in aika wa Mama. Na zauna a kan dutse ina kallon agogo yana cin sha ɗaya a gabana. Dattijon ya dawo ya ba mu gyaɗa dafaffiya, ya zauna yana ba ni labarin yadda cuta ta cinye musu citta a shekarun baya, ta bar su ko iri babu. Ina jin sa, ba na fahimta. A ƙarshe wata akori-kura da ta kai aladu kasuwa jiya ta yarda ta ja mu. Igiyar ta tsinke sau biyu. Haka muka shiga Kafanchan, a ɗaure a bayan motar aladu, wari na dukan mu ta gilashin da ba ya rufuwa, yara na nuna mu da yatsa.

Bakaniken da ke duba motar tun zamanin Baba dattijo ne, iyayensa daga gabas suka zo aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, bai san wani gida ba sai Kafanchan. Garejinsa na ƙarƙashin mangwaro kusa da tsohon layin dogo. Da ya gan mu sai ya taso. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna mini. Man ya koma kalar kunun gyaɗa. Ko ni da ban san mota ba na san ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Na gaya masa zancen ruwan rafi, ya girgiza kai. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam ƙarami, a ina da ina ka tsaya yau?"

Na ce ban tsaya ko'ina ba, daga Bwari ɗauka ɗaya na yi.

"Daga Bwari? Babanka bai gaya maka ba?" Ya goge hannu da tsumma. "Lagireto na motan nan ba nashi ba ne. Nashi ya fashe tun tuni, mun nema har Jos, babu. Na ƙaramin mota na sa mashi. Na ce Malam, wannan abu ba zai yi tafiyan awa ɗaya ba sai ya huta. Ya ce ba damuwa, yana da mutane a hanya."

Na tambaye shi hannun da Baba ke ɗorawa a bonet fa. Ya ce ai allurarsa ke nan, tunda ta cikin mota ta mutu. Da tafin hannu yake auna zafin, in bai sauka ba ya ƙara tambayar lafiyar wani, in ya sauka ya yi sallama. Ya ce shi da yake jin labarin ina tsayawa duk inda Baba ke tsayawa, ya ɗauka an bar mini wasiyyar. Baba kuwa mutum ne da ba ya faɗin aibin motarsa a gaban yara, kuma mutuwar ta zo masa farat ɗaya. Na tsaya a gindin mangwaron nan, mutum mai furfura a gemu, sai ranar nake jin wannan magana. Shekara biyu mai zuma da mai faci da mai ƙosai suna raya mini mota, ni ina yi musu tsaki.

Ya ce sai ya kwance kan injin zai san iyakar ɓarnar, in dawo ranar Litinin. Amma ya shimfiɗa mini hanyoyin tun a lokacin, don kada in tafi da zaton banza. In gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da gangarsa ne kawai ya ƙone, abu mai sauƙi. In kan injin ya tsage, sai an nemo wani, kuma irinsa ya yi wuya. In tsagar ta sauka har gangar injin, to sai dai sabon inji ɗan Kwatano, wanda kuɗinsa zai lashe albashina na watanni, a ɗora shi a kan jikin da tsatsa ta riga ta ci ƙasansa, giyarsa na kuka, lagiretonsa na aro. Ya ce shi bakanike ne, aikin yake so, amma ba zai yi wa ɗan Malam ƙarya ba.

Muka shiga wata rumfa kusa da kasuwa muka sa a kawo faten acca. Uwargida ta ci, ni cokali uku na yi na ajiye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na samu abin yin faɗa. Sai dai ta jawo hannuna ta shafa mini man shafawa a ƙunar, ta ce mu tashi kafin ruwa ya sauko. Dutsen Kagoro ya riga ya lulluɓe da hadari. Muka bi ta gefen tashar jirgi, tsofaffin taragu na tsaye ciyawa ta fito ta tagoginsu, na kau da kai.

Motar haya ta sauke mu a Madakiya, daga nan muka ɗauki mashin biyu. 'Yan acaɓa sun ninka kuɗi saboda taɓo, ban ko yi ciniki ba. A rafi na farko muka sauka muka cire takalma, ruwa har gwiwa. A na biyu har cinya, masu mashin suka ce iyakarsu ke nan. Sauran da ƙafa muka ƙarasa, muna bin sawun tayar motar Baba na watan jiya da bai gama gogewa ba.

La'asar ta yi muka isa. Mama na zaune a kujerarta a ƙofar gida, da zanin zuwa coci da ɗankwali, katin asibiti a cikin leda a kan cinya. Maƙwabciyarta ta ce tun ƙarfe takwas take nan, ta ƙi shiga ko da aka yi yayyafi. Ta dube mu, taɓo har gwiwa, takalma a hannu, sannan ta dubi bayanmu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama ta ce ina motar. Na gaya mata duka, ban rage ba.

"Ka tsaya a Kubacha?"

"Ban tsaya ba, Mama."

"A Kwoi fa?"

Na sunkuyar da kai. Ashe ita ma ta sani, ita ma ta ɗauka na sani. Ta ninke ledar katin ta cusa a ƙugu, ta ce wa uwargida ta kama ta su shiga ciki, a ɗora mana ruwan wanka.

Asabar da safe na same ta da shawarar da na kwana da ita. Na ce akwai fadamar nan ta bakin rafi da wani ya daɗe yana nema, in aka sayar za a sa wa motar inji, a nemo lagireto na gaske, a gyara allura, komai ya koma yadda yake. Ta bar ni na gama. Ta ce fadamar kakana ne ya sare ta da hannunsa, ba za a sayar da ƙasa a zuba a cikin tsohon ƙarfe ba. Na ce to ta zo wurinmu na damina kawai, da rani ai ƙananan motoci na shigowa. Ta lissafo mini tsofaffi huɗu na ƙauyen da 'ya'yansu suka ɗauka na damina kawai, ta ce in nuna mata wanda ya dawo da ƙafarsa. Na dage, har muryata ta fara tashi. Sai ta ɗaga mini hannu.

"In ka gyara yau, gobe wani abu zai lalace. Motan nan haƙuri yake so, kai kuma ba ka da haƙurin babanka. Ba zagi ba ne, haka Allah ya yi ka. Na yi alkawari a gaban fasto, zan bi ka."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yinin ranar ta yi shi tana rabon kaya. Awaki biyar ta ba maƙwabciya riƙo, kaji ta raba wa matan zumunta, rumbun acca ta ce a kai wa fasto rabi. Da yamma ta sa na kai mata kujera bayan ɗaki. Ta zauna a gefen kabarin Baba tana tsuge ciyawar da hannunta ke kaiwa, tana yi masa magana da yarenmu a hankali. Na ja baya don kada in ji.

Lahadi bayan sujada maza shida na coci suka ɗaure kujerar roba a kan sanduna biyu, suka ɗora ta, don babu wata hanyar fitar da ita. Mata suka biyo mu da waƙa har rafin farko. Da za a haye sai ta ce a tsaya, a juya kujerar. Haka aka ɗauke ta har bakin kwalta, bayanta na gaba, fuskarta na kallon ƙauye. Ni na riƙe ƙarshen sanda ɗaya, kuma ban yarda mun haɗa ido ba.

A Kafanchan muka kwana gidan 'yar'uwa. Litinin da safe wani likita ya taimaka ya duba ta, suga ya hau sosai, ya yi mini faɗan da na cancanta, ya rubuta magani. Daga nan na ce su jira ni in je gareji. Mama ta ce da ita za a je. Muka sami bakaniken ya kwance injin, ya jera sassan a kan buhu. Ya sa farce ya bi mini tsagar a kan injin, siririya, sai ka ƙura ido za ka gan ta. Sannan ya haska cikin gangar ya nuna mini ta biyu. Ya ce ruwan sanyin ne. Ya ce in ina so zai buga waya Legas a fara neman inji, ƙila a dace cikin wata guda ko biyu. Wallahi bakina ya buɗe zan ce ya buga. Sai na ga Mama ta sauko daga keke napep ɗin da ya kawo mu, uwargida na riƙe da ita, tana jan ƙafa har gaban motar. Ta sa aka sauke bonet. Ta ɗora tafin hannunta a kai ta jingina, ta gaida bakaniken, ta tambayi matarsa da jikokinsa da ciwon bayansa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ɗaga hannun ta sake ɗorawa.

"To, bari mu ƙarasa," in ji ta.

Na ce wa bakanike ya bar wayar. In masu sayen gwangwan sun zo ya yi ciniki da su, amma kada ya kira ni sai sun tafi da ita. Na ɗauko littafin waƙoƙin Baba daga aljihun gaba da jarkar ruwansa daga baya. Makullin na manta shi a aljihuna, har yanzu yana nan.

Talata muka kamo hanyar gida a motar haya, na biya wa Mama kujerar gaba ita kaɗai saboda gwiwa. Direban matashi ne mai sauri, ya sa kiɗa, ba ya ko rage gudu a rami. A Kwoi tsohuwar nas na bakin kaskonta, ba ta ɗago ba. A Kubacha mai faci na zaune a kan taya yana kallon titi. Mama ta ɗaga masa hannu ta gilashi, ta riƙe hannun a sama har muka wuce garin. Bai gan ta ba. Me zai sa ya kalli motar haya? A Kagarko na roƙi direba ya tsaya in sayi zuma, ya ce lodi na jiran sa a Abuja, fasinjoji ma suka ce a wuce. Na bar maganar, don na san muryar, irin tawa ce ta ranar Juma'a. Kafin azahar muna Bwari, tafiyar da ba ta taɓa yi mini gajarta haka ba.

Kun saba in rufe labari da abin da na koya. Na injin kowa ya riƙe: in mota ta yi zafi a kashe ta a bar ta ta huce da kanta, kada a kusance ta da ruwan sanyi ko da sarki ke jiran ka. In allura ta mutu a gyara. In kuma tsoho ya bar maka wani abu tare da wata ɗabi'a da kake gani ɓata lokaci ce, ka tambaya tun da sauran wanda zai ba ka amsa. Ni na koya, amma ban ga inda zan yi amfani da ilimin ba. Motar ta tafi, ɗakin Mama na kulle, ciyawa za ta rufe kabarin kafin kaka, kuma duk don in ceci awa ɗaya.

Mun ba Mama ɗakin da ya fi iska, yara na murna, magani na shiga a kan lokaci. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Jiya da zan fita aiki na same ta ta sa an fitar mata da kujera bakin get, da ɗankwalinta na coci, tana gaida masu wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a bayanta na ɗan lokaci ina kallo. Mutum biyu ne suka amsa, su ma ba su tsaya ba.